Gado Mai Hawa Biyu

Asabar, 5 ga Oktoba, da yamma

Yau dai mun fara ɗakin yara. Tun bazara muke cewa za mu fara. Zahari ya kai shekara biyu da rabi, har yanzu a tsakiyarmu yake kwana, in na farka sai in ji dunduniyarsa a haƙarƙarina. Mijina Momchil ya ce ba zai sayi gadon kanti ba, wai katakonsu kamar biskit yake. Shi zai yi musu gado mai hawa biyu da hannunsa, Kalina a sama tunda ita ce babba, ƙaninta a ƙasa. Jiya ya kwaso katakon, ya hau da shi har hawa na huɗu, ya jibge mini a falo. Yanzu duk mai shiga kicin sai ya yi tsalle.

Kalina ce ta zaɓi fentin, ruwan ƙwai. Na ce mata za ta gaji da shi, ta ce shekararta biyar, ta san abin da take so. Babanta ya ce, "Kin ji ko, Bilyana? Ke ce sak, har ɗaga haɓar."

Bango biyu muka yi. Sauran fentin yana gashin Zahari.

Ni kayan sawa na tasa a gaba. Kwali uku na yi: waɗanda suka yi musu kaɗan, waɗanda za su yi musu baɗi, da waɗanda ni kaina ban san dalilin da ya sa nake ajiye su ba. Na ukun ya fi cika. Har hular da aka fito da Kalina daga asibiti tana ciki.

Injin huda katako ya suɓuce wa Momchil sau biyu. Na biyun har ya ɓantare daɓe. Ya ce injin ne ya tsufa, mariƙinsa ya yi santsi. Na ce ko dai mai injin ne. Ya jefe ni da safar Zahari.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Ɗazu wajen karyawa ya miƙo mini kwalbar zuma ya ce, "Gwada ƙarfinki mu gani, ko kina cin abinci." Ina taɓawa ta buɗe. Murfin ma ba a ɗaure yake sosai ba. Kalina ta tafa mini, muka yi dariya.

Sai da suka fita na tuna wancan makon ma ni na buɗe masa man goge baki. Ya kuma daina sa rigunansa masu maɓalli, kullum sai mai shiga ta ka. Na zaci don ban yi guga ba ne. Jiya na goge guda huɗu na rataye masa a gaba-gaba. Yau na ga ya ture su gefe.

Sai da rana zan shiga aiki a kantin magani, don haka safiyar tawa ce. Na raba kayan wasa, motoci a kwando ɗaya, 'yan tsana a ɗaya, tubalan gini a bokiti. Zahari zai dawo ya juye su kafin in cire masa takalmi. Na sani. Na dai raba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da magariba

Gadon yana nan da ƙafa uku. Ya ce gajiya ce, aiki ya yi yawa a masana'anta.

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

Kaka Stoyanka, mahaifiyar Momchil, ta iso daga ƙauye tun da sassafe da buhu biyu na jan tattasai da kwandon tumatir. Ranar lutenitsa ke nan, miyar tattasai da tumatir da muke cika wa kwalabe don hunturu. Muka hura wuta a bayan bene kamar kowace shekara. Ni ina gasa tattasan, ita tana juya tukunya, Momchil da Kalina suna ɓare bawo, Zahari yana cinye duk abin da ya faɗi ƙasa.

Tun kafin ta ajiye jaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yaron nan ya rame. Bilyana, me kike ba shi ne, ƙwayoyin kantinku?"

Na ce, "Mama, abincin mutum biyu yake ci."

"To ina yake kai shi?"

Kawu Lyuben, maƙwabcinmu na hawan ƙasa, ya fito da kujerarsa. Tunda muka tare a gidan nan bai taɓa ɓare mana tattasai ko ɗaya ba, amma bai taɓa fashin zuwa ya gaya mana mun cika gishiri ba. Ya zauna yana kallo, can ya ce, "Momchil, yau da hagu ake aiki? Ko uwargida ce ta murɗe na daman?"

"Horar da shi nake yi, Kawu. Ya daɗe yana ci ba ya aiki."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Da aka gama cika kwalabe za a hau da su, na ce ya bari mu raba. Ya ce don me. Ya ɗauki akwati ɗaya ya wuce. Ina ƙasa ina kashe wuta na ji ƙarar. Ko da na hau na same shi zaune a kwanar hawa na biyu, matakala duk ta yi jajir, Kalina tana tsaye a samansa tana kuka don ta zaci jini ne. Ba jini ba ne, ɗan yanka ne kawai a tafin hannu. Ya ce, "Ƙafata ce ta kama bakin matakala." Yana faɗa yana dariya. Na duba matakalar. Ita ce dai wadda yake hawa kullum.

Abin da ya tsaya mini a rai Kaka ce. Matar da in an fasa mata kwalba ɗaya sai an sha labarin har bikin Ista na baɗi, yau ta ga akwati guda a ƙasa ba ta ce uffan ba. Ta hau ta ɗebo ruwa a bokiti, ta durƙusa tana tsince fasassun kwalabe. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Likitan ya sa shi ya matse masa yatsu, ya yi tafiya a kan dunduniya, ya fito da harshe. Ya daɗe yana kallon harshen. Sannan ya ce gara a gan shi a Sofiya, babban birni, ya san wata likita a can, zai kira ta da kansa yau ɗin nan. Momchil ya ji daɗi, wai mutumin kirki ne, ba ya ja wa mutane rai. Ni na daɗe a bayan kantar magani. Na san irin ranar da likita yake ɗaga waya da kansa.

A mota ya ce, "Jijiya ce ta danne a wuya. Rabin mutanen wurin aikinmu haka suke fama."

Na ce e, jijiya ce.

Mun biya mun sayi labulen ɗakin yara. Ya yi gajere.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Na sauke duk abin da ke kabad ɗin kicin na sake jerawa. Manyan tukwane sun koma ƙasa. Kofunan tangaran sun hau can sama, na sauko da na roba. Sukari da shinkafa da gishiri na juye su daga kwalabe masu murɗawa zuwa robobi masu murfin ɗagawa. Butar shayi kuma na daina cika ta, rabi ya isa.

Ya shigo ya tsaya yana neman babban kofinsa shuɗi. Na ce, "Saboda Zahari ne, ya fara jan kujera yana hawa."

Ya ce, "Zaharin ya fara shan gahawa ke nan?"

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da goge murhu. Ya ɗauki na roba mai hoton agwagwa, ya zuba gahawarsa, ya sha a tsaye yana kallon taga. Kalina ta ce ai kofinta ne. Ya ce aro ya yi, zai biya da cakulan.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Sofiya. Mun bar yara wurin Kaka, mun ce mata aikin wuya ne za a duba.

Ni na tuƙa. Ya miƙo mini makulli tun a ƙofar gida ban roƙa ba. Momchil da ko zazzaɓi yake yi ba ya bari in taɓa sitiyari, wai ina taka birki kamar mai kashe kyankyaso. Yau har muka isa bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba. Na yi ta jira. Har da gangan na makara wajen canja giya.

An sa masa siraran allurai a hannu, a ƙafa, a baya, har ƙarƙashin haɓa. Injin yana ta ƙara kamar ana suya. Likitar tana sauraro, fuskarta ba ta nuna komai. Shi kuwa sai zolaya yake yi, wai a ƙara wuta naman bai soyu ba. Ta yi masa murmushi. Da ya shiga bayan labule zai sa kaya, sai ta juyo gare ni ta ce, "Yara nawa gare ku?" Na gaya mata. Ta ce, "A hawa na nawa kuke zaune? Akwai lif?"

Na ce babu.

Ta rubuta wani abu. Ta ce akwai sauran gwaji, mu dawo ranar talatin ga wata.

A hanyar fita gari na tsaya a babban kantin kayan gida. Ya ce zai jira a mota. Na sayi kwanduna, da maratayan bango, da wasu ƙananan akwatuna na raba aljihun durowa. Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba. Wata ma'aikaciya ce ta zo ta tambaye ni ko lafiya, ashe na daɗe tsaye a gaban tawul.

Laraba, 23 ga Oktoba, da rana

Na jera safar kowa bisa launi. Ba wanda ya sa ni.

Asabar, 26 ga Oktoba, da la'asar

Mun yi faɗa.

An ba shi hutu a wurin aiki, don haka yini yake a gida yana kewaye katakon nan. Kalina kuma kullum sai ta tambaya yaushe za a gama mata gadonta. Tun da aka yi fenti a katifa take kwana a ƙasa, da farko tana murna, yanzu ta ce ita ba kare ba ce. Yau ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa. Na ji injin ya tashi, ya mutu, ya tashi, sai na ji ya suɓuce masa ya faɗi.

Da ya fito sai ya kira ni banɗaki. Ya durƙusa ya buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu ya ce, "Zo ki gani. Wannan jan shi ne makunnin ruwan gidan gaba ɗaya. Dama ake murɗa shi. In kin gama ki zo in nuna miki akwatin fis na wutar lantarki."

Na ce, "Me ya sa kake nuna mini?"

"Don ki sani."

"Shekara nawa muna gidan nan ban sani ba, me ya same ni?"

"Bilyana, makunnin ruwa ne fa kawai."

"To ka riƙe abinka. Ba na son sani."

Ya ɗago ya dube ni. Yana so ya tashi, sai da ya dafa bakin bahon da gwiwar hannu. Na ga hakan, na juya na fita. Na je na warware tawul ɗin da na ninke jiya na sake ninkewa. Ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kin zaci ban ga abin da kike yi wa gidan nan ba? Takalmin da kika sayo mini ko igiya ba shi da ita, irin na Zahari ne." Na ce arha na samu. Ya ce, "Ke kin yarda ki shirya, ni ne ba a yarda in shirya ba." Na ce ya rage murya, yara suna ji.

Ba su ji ba. Suna falo sun mai da katakon jirgin ruwa.

Laraba, 30 ga Oktoba, da magariba

Mun je, mun dawo. Kaka ta ce yara sun ci abinci sosai.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Na san maganin, na cutar nan ne mai kashe jijiyoyi sannu a hankali. Tun kafin likitar ta gama rubutawa jiya na gane shi daga harafin farko. Duk shekarun da na yi a kanti mutum biyu kawai na taɓa sayar wa. Ɗaya matarsa ce take zuwa karɓa duk wata, doguwa, mai koren gyale. Ta yi ta zuwa, sannan ta daina. Na taɓa ganinta a kasuwa daga baya, na tsallaka ɗaya gefen.

Ban sa a kawo shi kantinmu ba. Na shiga bas na je can ƙarshen gari inda ba a san ni ba. Yarinyar da ke kan kanta ta karanta takardar, ta ɗago ta dube ni irin kallon da na san ni ma na yi wa mai koren gyale. Ta ce sai jibi zai iso. Ta ce in yi haƙuri. Na ce ba komai, jibi ya yi.

Momchil ya ce kada a gaya wa mahaifiyarsa sai bayan Kirsimeti.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Na wanke firij. Na ja shi na wanke bayansa. Na karanta labarin cutar a waya, na rufe, na sake buɗewa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Kaka ta zo ba sanarwa, da faranti na banitsa, gashin fulawa da cuku, a cikin tawul, har yanzu da ɗuminsa. Momchil ne ya sauka ya taryo ta. Sun daɗe ba su hau ba.

Ta yi wasa da yara, ta yaba fentin, ta ce labulen ya yi gajere. Ina ganin idonta yana yawo. Takalmin bakin ƙofa. Kofunan roba. Ƙarfen dafawa da na sa Kawu Lyuben ya kafa mana a banɗaki jiya, na ce masa don wankan yara ne, ya ce to.

Ta same ni a kicin ina yanka banitsa. Ta ja ƙofar ta ce, "Dardumar da na ba ku ranar aure fa?"

"Na naɗe ta, Mama. Zahari yana zubar da abu a kai."

"Uhm."

Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, "Ɗazu da gangan na tsaya gyara jaka, na bar shi ya riga ni hawa. Ɗana ne, Bilyana. Tun yana ƙarami bibbiyu yake taka matakala."

Na ce, "Ya ce kada in gaya miki."

"To kada ki gaya mini." Ta ajiye tsumman. "Abu ɗaya kawai. Ana warkewa?"

Na ci gaba da yanka. Na yanka tsaye, na yanka kwance, na sake bi. Sai da ta riƙe mini wuyan hannu ta zare wuƙar na ga na mai da banitsar gutsi-gutsi. Ta ce, "Ya isa, 'yata."

Ta wanke fuska a famfo, ta goge da gefen gyalenta, ta ɗauki farantin ta fita. Ina jin ta a falo tana yi masa faɗa da ƙarfi wai gashinsa ya yi yawa kamar na ɗan daba, ko ba wanzami a garin nan. Shi kuma yana cewa, "Mama, shekarata talatin da takwas." Ta ce ko ɗari ne.

Ba ta koma ƙauye ba. Ta ce bas ya wuce ta. Bai wuce ta ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Yau cokali mai yatsu ne ya gagare shi. Jiya makullin ƙofa. Ina ta sauya wa abubuwa wuri, abin yana riga ni.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Da safe ya ce, "Yau za a gama gadon nan. Ke za ki yi." Ban yi gardama ba. Kaka ta fita da yara filin wasa.

Ya zauna a 'yar kujerar Kalina, gwiwoyinsa har ƙirji, da fensir a hannun hagu. Shi yake sa alama, ni nake hudawa. Alamar takan karkace, in ya juya sai in gyara. Ina jin ya sani.

"A miƙe za ki riƙe shi. Bilyana, a miƙe na ce. Wannan ne miƙe a garinku?"

"A garinmu sayen gado muke yi kamar sauran mutane."

"Shi ya sa duk danginku suke ciwon baya."

Sau ɗaya ya kasa haƙuri ya ce in kawo. Na ba shi. Ya riƙe injin, ya sa baki a kan katakon, sai yatsun suka buɗe da kansu. Na tare shi kafin ya kai ƙasa. Can ya ce, "Da kafaɗa za ki danna, ba da wuyan hannu ba." Na danna da kafaɗa. Ya shiga sumul.

Da za mu ɗaure gadon a bango ya ce akwai wayar wuta a wajen, in je in kashe fis tukuna. Na je na buɗe akwatin na tsaya. Ban san wanne ba ne. Na jira ya ce da kin tsaya na nuna miki. Bai ce ba. Daga ɗakin ya ce, "Na uku daga hagu." Na kashe.

Gadon ya tsaya. Matakin tsani ɗaya ya ɗan karkace, tafin hannuna duk ya yi bororo. Ya girgiza shi da kafaɗa ya ce ko giwa za ta kwana a kai.

Da yara suka dawo Kalina ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da hannu biyu. Sannan ta ruga wurinsa ta ɗaga hannuwa ta ce, "Baba, ɗora ni." Kullum shi yake cilla ta sama har in yi ta faɗa kada ta bugi fitila. Ya ce, "A'a, mai gadon sama da kanta take hawa. Doka ce, duk duniya haka ake yi." Ta hau. Ya sa hannun hagu a bayanta bai taɓa ta ba, yana binta har ta kai.

Zahari ya ƙi gadon ƙasa. Yana ɗakinmu.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Ina sa wa Kalina doguwar safa za mu tafi makaranta ta ce, "Mama, hannun Baba barci yake yi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Shi ya ce. Yaushe zai tashi?"

"Kawo ɗayar ƙafar."

"Nawa ma in na kwanta a kai yana yin barci, amma yana tashi."

"Kalina, za mu makara."

Ta ba ni ƙafar. A bakin aji ta ce in gaya wa Baba ya riƙa girgiza shi, haka take yi.

Na gaya masa. Ya ce zai gwada.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar

An fara dusar ƙanƙara. Na dawo daga aiki na tarar da Kawu Lyuben a bakin bene yana watsa gishiri a hanya, shi da ba ya fita in ana sanyi. Ya cire hula, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce gidan da ke kusa da nasa a hawan ƙasa, na marigayiyar nan mai kyanwa, 'ya'yanta suna neman wanda zai shiga. Ɗaki biyu ne, akwai ɗan duhu, amma daga titi sai ciki.

Na ce, "Kawu, yanzu fa muka gama fenti."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Na ji ƙarar injin. Na dai ce in gaya miki kafin su ba wani."

Na yi godiya na hau. Ban taɓa lura matakalar nan tana da tsawo haka ba.

Da na shiga na ɗauko tef na auna faɗin ƙofar banɗakinmu, in ga ko kujera mai taya za ta shiga. Na mayar da tef ɗin inda yake.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da rana

Kaka ta yi miyar wake. Muka zauna mu biyar, Zahari a doguwar kujerarsa kusa da babansa.

Yau hannun hagun ma ya gaji da wuri. Yakan ɗebo, kafin ya kai baki rabi ya koma kwano. Ya yi sau uku, huɗu, sai ya ajiye cokalin ya ce ya ƙoshi, ya ci burodi da yawa ɗazu. Bai ci ba. Kaka ta dubi kwanonta. Ni na riƙe burodi ina gutsurawa. Na daɗe ina tunanin ranar nan, yadda zan yi, ko in jira yara su tashi, ko in tambaye shi tukuna, ko in mai da abin wasa. Ban kai ga komai ba.

Zahari ya daɗe yana kallonsa. Sai ya tsoma nasa cokalin, ɗan ƙarami na roba, a kwanon babansa, ya ɗebo ya miƙa.

"Baba, aa. Buɗe."

Kalina ta fara dariya, ta dube ni, ta daina.

Momchil ya dubi cokalin. Na yunƙura zan ce Zahari bari, sai ya buɗe baki. Zahari ya tura masa, ya goge masa haɓa da bayan cokalin kamar yadda nake yi masa, ya ce, "Yauwa, yaron kirki."

Kaka ta tashi ta ce ta manta shanya a baranda. Ba shanya a baranda.

Zahari ya sake ɗebowa. Hannunsa gajere ne, miyar tana zuba a hanya, a tebur, a rigar babansa. Momchil ya sunkuyo da kansa ya taro cokalin. Haka suka yi ta yi har kwanon ya ƙare.

Yanzu su biyun suna barci a gadon ƙasa. Ban kwashe kwanukan ba tukuna.